Mayankarmu ta dami unguwa da wari: mu haƙa sabon rami ko mu tashi?

"Assalamu alaikum Baba Likita. Ni ɗan gidan fawa ne a wani gari kudu da Maradi, kuma ni ke riƙe da littafin ƙungiyar mahautanmu. Muna da 'yar mayanka, daɓen siminti da rumfar kwano. Ranar kasuwa mukan yanka shanu uku ko huɗu da awaki da tumaki kamar talatin, sauran ranaku bisashe goma ko ƙasa da haka. Da can wurin bayan gari ne, yanzu gidaje sun kewaye mu. Ramin da ruwan ke shiga ya cika yana tumbatsa, wari da ƙuda da karnuka sun dami mutane, har an kai ƙararmu wurin mai gari sau biyu. Wasu cikinmu na cewa mu haƙa babban rami mu jawo famfo, wasu na cewa mu nemi fili mu tashi. Kuɗinmu kaɗan ne. Da me za mu fara?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi wa sana'a albarka. Ka gaishe mini da Sarkin Fawa da sauran dattawa.

In na fahimce ka, kun rabu gida biyu: masu cewa a ƙara rami da ruwa, da masu cewa a kwashe kaya a koma bayan gari. Ni kuwa da za ku ji tawa, da ba ku fara da ko ɗaya ba. Na yi shekara ashirin da 'yan kai ina duba nama a mayankun jihar nan, daga na bakin Gulbi har na kasuwannin arewa wajen Dakoro, ban taɓa ganin mayankar da girman rami ya cece ta ba. Babban rami sai dai ya yi wata shida kafin ya cika maimakon wata biyu. Tashi kuma, in dai da irin aikin da ake yi yanzu za a tafi, an gudu ne ba a tsira ba. Abin da ke damunku shi ne kuna haɗa abubuwa huɗu a magudana guda: jini, kashin tumbi, ɓataccen naman da aka jefar, da ruwan wanki. Kowane ɗaya shi kaɗai mai sauƙin sha'ani ne, biyu daga ciki ma kuɗi ne. Da sun gauraya kuwa sai su zama abin da ya fi ƙarfin kowa.

Yawancin ƙananan mayankunmu iri ɗaya ne: daɓe, 'yar magudana a tsakiya, rami a ƙarshe, in an yi sa'a da rumfa. An zuba su ne don bisashe biyar ko goma, a wurin da sai gonaki. Gari kuwa ba ya tsayawa. Maradi kanta ai tasowa ta yi daga kwarin Gulbi ta hau tudu bayan ambaliyar 1945, kuma wanda ya san ta shekara talatin baya ya san unguwanni nawa ne yau suke zaune a inda ake noman gero da gyaɗa. Haka Tibiri, haka Gidan Rumji, haka Madarunfa. Mutum ya sayi fili da arha kusa da kwata yana sane, amma ranar da wari ya hana shi cin tuwo a tsakar gidansa ba zai tuna wanda ya riga wani zuwa ba.

Akwai kuma ma'aikaciyar da muka rasa ba mu ankara ba, wato ungulu. Lokacin da na fara aiki, kafin a gama fiɗa sun jeru a kan rumfa da bisa itatuwa, duk abin da aka jefar kafin hantsi sun share shi tas. Yau sai ka yi wata ba ka ga ko ɗaya ba. Masu neman kanta da ƙwanta don tsubbu, da gubar da ake sa wa mushe, sun kusan ƙarar da ita. Tun 2015 masana suka sa irin wadda muka saba gani a kwata cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya. Aikin da take yi kyauta ya koma hannun karnuka da ƙuda, su kuwa ba sharewa suke yi ba, rarrabawa suke yi cikin gari.

Abin da ya toshe ramin

Mu yi lissafi da adadin da ka bayar. Sa matsakaici yakan zubar da jini kamar lita goma, akuya ko tunkiya kamar lita ɗaya. Shanu huɗu da ƙananan bisashe talatin, jini ya kai lita saba'in ke nan, kusan jarka uku irin masu lita 25. Tumbin sa guda yakan ɗauki kilo talatin na abincin da bai gama narkewa ba, wani ma ya fi, na akuya kilo uku ko huɗu. Ka haɗa, ya haura kilo ɗari biyu, lodin amalanken jaki. Duk wannan kuke turawa da tsintsiya da bokitin ruwa cikin rami guda, kowane mako.

Jini shi ne babban mai laifi. In ana awon ƙarfin ƙazantar ruwa, jini tsantsa ya ninka ruwan da ke fita daga magudanar gidaje sau ɗaruruwa. Da ya kwanta a rami, ƙwayoyin da ke ruɓar da shi sukan shanye 'yar iskar da ke cikin ruwan, daga nan sai ruɓar ta koma irin mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Shi ne warin da maƙwabta suka kai ƙara a kansa. Kashin tumbi kuma duk zare-zaren ciyawa ne, ba ya nutsewa cikin ƙasa, sai dai ya shimfiɗu kamar tabarma. Kitse ya zo ya like su.

Na taɓa sa aka buɗe wani rami irin naku a wata kasuwa gabas da nan. Da aka janye kwanon da aka rufa masa, sai ga saman ya daskare baƙi ƙirin kamar ƙanzo, har na ɗora sanda ta tsaya. Ƙarƙashinsa ruwa ne mai kumfa, tsutsa fari fat tana motsi. Bayan an kwashe, na kankare bangon ramin da bakin shebur: wani abu ne mai santsi kamar kwalta, kaurin yatsa biyu, a bayansa kuma yashi a bushe ƙamas. Na kira Sarkin Fawan wurin na ce ya taɓa da hannunsa. Ƙasar jigawa ce da za ta iya shanye tano goma ba ta nuna ba, amma an yaɓe mata baki. To ka ga in kun haƙa sabo kuka ƙara masa famfo, randa kawai kuka gina, kuma ƙuda a irin zafinmu mako guda zuwa kwana goma ya ishe shi daga ƙwai zuwa tashi. Kowace kasuwa tana ƙyanƙyashe wa mai zuwa nata.

Jini da tumbi: kar su taɓa daɓe

Abu na farko, kuma wanda bai kai jika goma ba, shi ne a tare jini tun daga wuyan bisa. A ware kusurwa ɗaya ta daɓen, mai fuskantar alƙibla, a ce nan kaɗai ake yanka. A samu daro mai faɗi marar zurfi, ko a tsaga tano a tsaye gida biyu, a riƙa tura shi ƙarƙashin wuya. In za ku taɓa siminti, a yi ɗan gurbi a wannan kusurwar wanda daron zai zauna ciki daidai da daɓe, don sa in yana shure-shure ba ya barin a riƙe masa kwano. Ba za a tare duka ba, amma ko kashi uku cikin huɗu aka samu, za ka ji bambanci a hancinka kafin mako biyu.

Me za a yi da shi? Hanya mafi sauƙi a zuba shi cikin tarin takin da zan faɗa yanzu, a rufe a take. Wanda ke da ƙwazo kuma ya dafa shi a rabin tano har ya dunƙule, ya tsane ruwan, ya marmasa ya shanya a kan kwano. Busasshen jini taki ne mai ƙarfi: sinadarin da ake sayen takin zamani na ure dominsa kashi 46 cikin ɗari ne a buhun ure, a busasshen jini kuwa kamar kashi 12, wato kusan rubu'i, a abin da kuke biyan yara su tura rami. Jinin yanka najasa ne kuma cinsa haramun ne, wannan ba mai ja. Hukuncin sa shi a gona ko sayar da shi kuwa ba fagena ba ne, ku zauna da malaman garinku tun kafin ku fara, don kar aiki ya yi nisa wani ya zo ya rushe shi da kalma ɗaya.

Tumbi kuma a daina farke shi a kan daɓen da nama yake. A ciro kayan ciki cikin daro ko baro, a kai su can gefe, taku goma ko fiye, inda aka yi musu nasu ɗan daɓe. A zazzage kashin a bushe cikin baro, sannan a wanke tumbin da hanjin. Wannan "a bushe" ɗin shi ne sirrin. Abin da aka kwashe da shebur ya fita daga wuyanku, abin da aka kora da ruwa yana nan yana jiran ku a rami. Kuma in masu bisashe za su yarda a bar dabba ta kwana ba ci, ruwa kaɗai, tumbin yakan ragu sosai, fiɗa ma ta fi sauƙi. Na san halin dillalai, da ɗura wa bisa dusa da ruwa da safe don ta cika ido. Wanda kuka saya tun jiya dai a hannunku yake.

Wajen zazzagewa a sa yaro ya tsince leda. Akuyar gari yanzu da wuya ka buɗe tumbinta ba ka ga baƙar leda ba. Na taɓa ciro wata dunƙule daga cikin wata saniya, ta murɗe da igiya da tsumma, sai da mutum ya sa hannu biyu ya ɗaga. In ta shiga taki manomi ba zai sake dawowa ba.

Tarin takin ba wani abin wahala ba ne. A shimfiɗa karan gero ko ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi kamar kamu ɗaya, a zuba kashin tumbi, a kwarara jinin ranar, a sake rufewa da busasshen abu, a yayyafa ƙasa a sama yadda ƙuda ba zai samu wurin sauka ba. Haka har ya kai ƙirji. A soka ƙarfen rodi a tsakiya. Bayan kwana uku ko huɗu in ka zare shi ka ji ya yi zafin da ba ka iya damƙe shi, aiki na tafiya, don zafin da ya kai digiri 55 zuwa 65 shi ke kashe ƙwan tsutsa da yawancin ƙwayoyin cuta. A juya shi duk mako biyu, in ya bushe a yayyafa ruwa. Wata biyu zuwa uku ya zama baƙin taki mai ƙamshin ƙasar damina. Ku da ke kudu, ga masu lambun Jiratawa da na fadamar Gulbi, masu zogale da albasa da tumatir, kullum cikin neman taki suke. In babu fili a mayankar, ku yi yarjejeniya da manomi ɗaya mai amalanke ya riƙa zuwa kullum kafin azahar ya kwashe ɗanyensa, ya yi tarin a gonarsa. Sharaɗi ɗaya: kullum, ba ranar da ya ga dama ba.

A ɗaga nama daga ƙasa

Ka yi tambaya kan wari, amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne naman. Wari maƙwabta yake damu, ƙazantar da ke hawa nama kuwa gari duka ke ci. Tsokar lafiyayyar dabba tsaf take a ƙarƙashin fata. Duk ƙazantar da za ta same ta daga wuri uku take zuwa: bayan fata, cikin hanji, da hannu ko wuƙar mai fiɗa. A kan daɓe kuwa ukun suke haɗuwa. An kwantar da sa, an buɗe fatarsa ta zama tabarma, an sassara a kai, mai fiɗa ya taka kashi ya dawo ya taka gefen fatar. Sai wani ya kawo bokitin da aka wanke hannu da wuƙa ciki tun asuba ya watsa wa naman, wai an wanke. Wannan ruwan ƙara masa yake yi. In kashi ya taɓa nama, a yanke wurin da wuƙa mai tsabta a jefar, ya fi wanki. A zafin Afrilu da Mayu, da rana ke haura digiri 40, ƙwayar cuta kan ninka kanta cikin minti ashirin zuwa talatin, ku kuma ba ɗakin sanyi gare ku ba. Naman da ya fito da tsabta shi ke kaiwa la'asar bai canza ba.

Maganin shi ne rataya. Ga awaki da tumaki, ƙarfe ɗaya a gicciye bisa ginshiƙai biyu da ƙugiyoyi ya wadatar, kowane mai walda zai yi shi. Ga shanu, ƙafafu uku na ƙarfe mai kauri da sarƙar ɗaga inji irin ta 'yan gareji. In kuɗin famfon da kuke tarawa za su kai ga wannan, ni nan zan kai su. Dattawa za su ce kakanninmu a ƙasa suka yi fiɗa. Gaskiya ne, amma a kan sabon yashi da ganye suka yi, bisa ɗaya ko biyu, gobe su matsa gaba. Ba su yi a kan fasasshen simintin da jinin shekara goma ya shige tsaguwarsa ba. Kuma wanda ya saba da fiɗar rataye ba ya komawa, don bayansa ya huta, fatar ma ba ta samun huji. Fatar jar akuyar Maradi da duniya ta san mu da ita, wuƙa ɗaya a inda bai dace ba takan karya mata daraja a wurin majema.

Hura akuya da baki kafin fiɗa, wannan a bar shi. Mai tari yana tura yawunsa ƙarƙashin fata, in kuma bisar ce ke da cuta shi ya sa bakinsa a kai. Famfon ba keke iska yana yin aikin, ya ma fi sauri. Kowane mai fiɗa ya riƙe wuƙa biyu, ta fata daban ta nama daban, a ajiye tukunya a kan murhu ruwa na tafasa ana tsoma su. A ƙa'idar aikinmu digiri 82 ake nema, tafasasshen ruwa kuwa ya wuce nan. Kututturen sara a kankare shi kullum bayan aiki a barbaɗa gishiri. Babbakar kai da ƙafa da tsohuwar taya kuma, ko ba don maƙwabta ba, baƙin hayaƙin nan yana barin guba a jikin ganda. A koma wa kara da itace. Sannan nama in zai tafi kasuwa ya tafi cikin daro mai murfi, ba a saɓe a bayan kabu-kabu jelar sa na jan ƙasa ba.

Abin da ba ya shiga kasuwa

Dokar kiwo ta ƙasarmu ta 2004 ta ɗora wa ma'aikatan kiwo duba bisa da naman da za a sayar wa jama'a, shi ya sa kuke ganin hatimi a cinya. Na san yadda mahauta ke kallonmu, mutumin da ke zuwa da wuƙa ya yanke riba. Na sha harara, na sha baƙar magana. Amma ka tambayi kanka ina hantar da likita ya kama take zuwa. A yawancin wurare bayan katanga ake wurga ta, kare ya ɗauka.

Ka san jakunkunan ruwan nan da ake gani a hanta ko huhu, kamar ƙwai marar ɓawo? 'Ya'yan wata ƙaramar tsila ce da ke zama a hanjin kare. Kare ya ci wannan huhun, tsilar ta girma a cikinsa, ya yi kashi a gari, akuya ta ci ciyawar wurin, yaro ya shafa karen ya ci tuwo bai wanke hannu ba. Bayan shekaru irin wannan jakar ta tsiro a hantar yaron, sai an yi masa aiki a asibiti. Da hannunmu muke ciyar da wannan zagayen duk ranar da muka jefa wa kare ɓataccen huhu. Haka huhu mai kaluluwar tarin fuka, haka 'yan tayin da ake cirowa daga bisashe masu ciki, wanda shi kansa abin takaici ne, don akuya mai 'ya'ya biyu a ciki garke aka yanka.

Wannan kason shi ke buƙatar rami, nasa shi kaɗai: mai zurfi kamar gaba biyu, a zuba masa murfin siminti mai ƙaramar ƙofar ƙarfe da kwaɗo, a ɗaga bakinsa yadda ruwan sama ba zai shiga ba, kuma kar a zuba masa ruwan wanki. Busasshen rami irin wannan yakan yi shekaru bai cika ba. A kewaye mayankar ko da waya ce, da ƙofar da ake rufewa, don kare ya yanke ƙauna.

Akwai bisar da ba a ma buɗe ta. In dabba ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini na fita ta hanci ko ta baya kuma ba ya daskarewa, a zargi ciwon saifa. Kar a feɗe, kar a ce bari a ceci fata. Ƙwayar wannan cuta in ta sha iska takan yi wa kanta sulke ta zauna cikin ƙasa shekaru gommai. A kira ma'aikacin kiwo, a ƙone ko a binne da zurfi, nesa da rijiya da makiyaya. Na taɓa zuwa wani ƙauye bayan an riga an yi watandar irin wannan saniya, na tarar da mai fiɗar da baƙin gyambo a damtse, yana cewa kunama ce. Allah ya taimake shi an kai shi asibiti da wuri. Zazzaɓin Rift da ya ɓulla a Cintabaraden ta jihar Tawa a 2016 shi ma ta jini da ɓarin dabbobi ya fi kama mutane. Duk mahaucin da zazzaɓi ya ƙi sakinsa, ya faɗa wa likitan asibiti sana'arsa tun daga bakin ƙofa.

Sai a zo kan ruwa

Littattafan aikinmu suna ba sa guda lita 1,000, ƙaramar bisa lita 100. A ranar kasuwarku lita 7,000 ke nan, tano 35. Ban san ƙaramar mayankar da ke samun haka ba, kuma in kun samu ma ina za ku kai shi bayan ya ƙazantu? In an tare jini, an kwashe tumbi a bushe, an share daɓe da shebur da tsintsiya kafin a jiƙa shi, ruwa kaɗan ya isa, abin da zai fita kuma ruwan wanki ne kawai.

A gyara daɓen, a toshe tsaguwa, a ba shi gangare kamar santimita biyu a kowace mita. A bakin magudana a sa ragar ƙarfe da za a iya cirewa a kakkaɓe. Bayanta a gina ɗan akwatin siminti mai ɗaki biyu, ruwa na ratsawa ta ƙasan bangon tsakiya, kitse ya taso sama ya tsaya a ɗakin farko ana kwashe shi kowace rana. Daga nan sai ramin tsotse ruwa da aka cika da duwatsu da tsakuwa, a rufe. Tsohon raminku a kwashe shi da rani, a kankare bangon har a ga sabon yashi, yana iya komawa aiki. Wanki kuwa omo da burushi ne farko, jabel, ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta, daga baya, don jabel a kan maiƙo da jini asarar kuɗi ce. Irin wanda aka rubuta ƙarfinsa digiri 12 a jikin kwalba, kamar mililita 60 a bokiti mai lita 10 ya isa tebur da daɓe.

Ga inda ba zan iya yanke muku daga nesa ba. A arewa rijiya sai an yi gaba da yawa kafin a ga ruwa, amma a kwarin Gulbi da damina ruwa na kusa ƙwarai. Ko masai ba a so ya kusanci rijiya ƙasa da mita 30, ramin mayanka kuwa gara ya fi haka, kuma ya kasance ta gangaren rijiyar ba ta samanta ba. Wanda ya ga ruwan da aka yi a Maradi a daminar 2024 ya san duk ramin da bakinsa ke daidai da ƙasa, ranar babban ruwa cikin gidajen mutane zai juye. Kuma ku yi wa kanku masai da buta da sabulu. Kwalarar da ta shigo ta Madarunfa a 2018 ba daga shanu ta fito ba, daga bayan gidan mutane take yaɗuwa, hannun mai taɓa abincin gari kuwa hanya ce. Farar ƙwayar nan mai kama da shinkafa da muke samu a tsokar muƙamuƙi da zuciyar sa, ita ma daga kashin ɗan Adam saniya ke ɗaukar ta a makiyaya.

Wa zai yi, wa zai biya

Duk abin da na lissafa na ga an gina shi a wurare, na kuma dawo bayan shekara biyu na tarar raga ta ɓace, akwatin kitse ya zama gidan kwaɗi. Na ga inda wasu masu taimako suka gina rumbun iskar gas da kashin tumbi, aka yi biki, aka ɗauki hoto. Abin yana aiki in ana ciyar da shi kullum da ruwa daidai gwargwado kuma akwai mai gyara. Wancan bai shekara ba, don kowa ya ɗauka na kowa ne. Kar ku fara da shi.

Shara in aka ce ta kowa ce, ta yaran da ba a biya ce, su kuwa da sun karɓi fincensu sun tafi. A ɗauki mutum ɗaya, babba mai iyali, a yanka masa abin da zai samu a kan kowace bisa, ko dala goma ce a akuya, dala hamsin a sa, gwargwadon abin da kuka daidaita. A saya masa takalmin roba da safar hannu da shebur da baro, mabuɗin ƙofa da na rami su zauna a hannunsa, kuɗin taki kuma a ba shi kaso, don ya zama shi ke faɗa in wani ya kora jini a magudana. Tun da littafi a hannunka yake, ka rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, ka karanta a gaban kowa duk wata. Masu wanke kayan ciki, mata ne ko yara, a zauna da su, su suka fi kowa sanin inda ruwa ke tsayawa. Hukunci kuma a bar wa Sarkin Fawa. Maganarsa ɗaya, cewa wanda ya farke tumbi a daɓen nama ba zai yi yanka gobe ba, ta fi takardata goma. Harajin yanka da ma'aikatar magajin gari ke karɓa, ku je a ƙungiyance da lissafinku a rubuce ku nemi a mayar da wani abu kan siminti da waya. Wanda ya zo da rabin aiki a hannu an fi sauraronsa. Sai dai ku yi hattara da tsawwala kuɗi, don in ya yi yawa yanka zai koma zaure da bayan gida da dare, inda ba mai dubawa.

Maganar tashi kuwa, akwai halin da ba makawa: in akwai rijiyar sha kusa kuma ba yadda za a nisanta ramin, in wurin kwari ne da ruwa ke kwanciya duk damina, ko in filin ya matse har ba inda za a raba wurin tumbi da wurin nama. In ɗaya daga cikin ukun nan ya same ku, ku fara neman fili yanzu, a kan tudu, ta yamma da gari ya fi, tun da iskar hunturu daga gabas da arewa take busowa wata da watanni, kuma a sa hukuma ta shata masa iyaka a rubuce da sarari kewaye, in ba haka ba shekara goma masu zuwa ɗanka zai aiko mini da irin wannan tambaya. Ko da za ku tashi, neman fili da gini sai ya ci shekara ko fiye, daro da baro da ƙugiya kuwa da ku za su tafi.

Kasuwa mai zuwa ku gwada tare jini da kwashe tumbi a bushe kawai, ku yi haka sau huɗu a jere, sannan ku gayyaci mai gari da maƙwabcin da ya fi kowa ɗaga murya su zo da azahar su tsaya a wurin. Kai kuma ka auna mini taku nawa ne daga ramin zuwa rijiya mafi kusa, gaba nawa ake yi a taɓa ruwa a watan Agusta, da faɗin filin da ya rage muku ta bayan rumfa, ka aiko. Da wannan zan iya gaya maka ko tsohon ramin zai gyaru ko sai an sake masa wuri.